Hannun Baba a Takarda

Ina da shekara ashirin lokacin da na haɗu da wani Bafaranshe mai zane a unguwar Arkilla. Saurayi ne, bai daɗe da gama koyo ba, ya zo Sakkwato yana zana majema da dukawa. Ya gaya mini, cikin Hausarsa mai tuntuɓe, cewa shekara guda malaminsa ya sa shi zanen hannuwa kawai kafin ya bar shi ya taɓa fenti. Ni ma abin da ya ɗora mini ke nan. Kullum maganarsa ɗaya: in zana abin da idona ya gani, in manta da abin da na sani.

A gida kuwa ƙarya na shirga, na ce Faransanci nake koyo. Babanmu malami ne a kusa da Hubbare, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani ya yi masa zayyana, kuma ko kalanda mai hoton mutum ba ta kwana a gidansa. Na san in ya ce in bari, zance ya ƙare.

Da wautata, sai na ɓoye takardun zanena a wata tsohuwar gafakarsa ta fata, wai ya daina buɗe ta. Ran nan bayan la'asar ya kira ni zaure. Ina shiga na gan su a cinyarsa. Na durƙusa.

"Wa yak koya maka wanga aiki?"

"Wani Bature ne, Baba."

Ya shiga juya su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya tsaya a kan wata. Zanen hannunsa ne riƙe da alƙalami, na hagu ya tallafe wuyan na dama daga ƙasa, kamar yadda na gani ina leƙensa. Wallahi ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

"Tun yaushe kag gane hannuna shina rawa?"

Ashe wata da watanni yana ɓoye mana, ni kuma na fallasa shi ban sani ba. Kunya da tausayi suka rufe ni.

Can ya jawo shafin da ya bari ba zayyana, ya turo mini gidan tawada.

"Hannuwa kaɗai, ka jiya? Kada ka kai ga huska. Matso ka ida min wanga."

Na karɓi alƙalamin daga hannunsa, a lokacin yatsuna suka ji rawar da hannun nasa ke yi.