Waacen Aboabo da Kokona

Ƙanena ne ya aiko mini da wayar daga Italiya, shi ne kuma ya jefa ni cikin gurup ɗin 'yan gidanmu ba tare da ya tambaye ni ba. Duk wanda ya tashi a babban gidanmu na Zangon Kumasi yana ciki: masu kanti a Akra, direbobin tashar Sofoline, 'yan ƙasar waje, da mu da ba mu je ko'ina ba. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida, a kan teburin da Mma, mahaifiyarmu, ta rasu ta bar mini. Sai na tashi kasuwa na wanke bokitai nake samun zama in ga abin da suka zuba.

Yawanci shirme ne. Barka da Juma'a, hoton jariri, gardamar ko fufun turmi ya fi na inji. Ina karantawa, ina dariya, amma ba na tanka wa kowa. Mma ta hore mu tun muna ƙanana cewa abin da kake so ba ka baje shi gaban bakin mutane, kada baki ya kama shi. Shi ya sa ban taɓa sa hoton kokona ba.

Ƙawata ba ta san wannan ba, ko ta sani ta yi biris. Tare muka tashi, ɗakinsu na kallon namu, ta yi aure a Aboabo, can take sayar da waace, shinkafa da waken nan ja da ake zubawa a ganye. Kullum safiya sai ta sa hoto: ga taliya, ga gari, ga ƙwai, ga baƙin yajin shito yana ƙyalli. Kafin ka ce me, an cika ta da alamar zuciya.

Wata rana wani direba a cikinmu, wanda ba ya rabo da tsokana, ya jefo tambaya: in kuɗi suka faɗo maka yau, kuɗi na gaske, me za ka fara ci? Gurup ya kaure. Wani ya ce rago guda zai sa a gasa, ya kulle ƙofa. Wata ta ce ita ta gama da kan kifi har abada, daga yau sai tsakiya. Ina ta dariya, sai ga saƙon murya daga ƙanena.

"Cale, abokina, ni ba dogon zance," in ji shi. "Jirgi zan hau. Ina sauka Kumasi, Aboabo zan wuce, in ce Anti ta cika mini ganye da waace, ta sa ganda. Wannan waace na da daɗi paa!"

Na daina dariya. Na sake saurara, ko zai ce daga nan sai kokon Yaya. Bai ce ba. Yaron da na goya a baya ina dama koko, har tururi na sa shi atishawa. Wanda bai taɓa tafiya makaranta ba sai da ƙosaina a aljihu. Yau an ba shi kuɗin duniya, ko da na wasa ne, ya bi ta gaban teburina ya wuce Aboabo. Kishi ya kama ni, ba kaɗan ba, kuma ban nemi ya sake ni ba.

Tun daga ranar na koma mai binciken hoto. Ƙawata ta sa, in buɗe da yatsu biyu ina neman aibu. Mai ya yi yawa. Ƙwan nan ya kwana. Wannan ganyen ko an wanke? Da abin ya ishe ni, na hau mota na je Aboabo da sunan gaisuwa. Ta rungume ni, ta zuba mini ta ƙi karɓar komai. Na kai loma ina fatan gishiri ya zarce. Wallahi waacen nan ba shi da makusa. Na cinye tas, na dawo gida raina a ɓace fiye da yadda na fita.

Da babbar salla ƙanena ya zo hutu. Kowace safiya bayan masallaci sai ya zauna a bencina, ya miƙo kofi, ya shanye, ya ƙara, ya goge baki ya tashi. Ko uffan. Da rana kuwa sai ga shi a gurup, zaune gaban ƙawata, ganye a hannu, haƙora waje.

Da tafiyarsa ta matso, ya same ni ina tankaɗe.

"Yaya, ki shanya mini gasara in tafi da ita. Da yawa."

"Je ka Aboabo ta shanya maka waace."

Ya dube ni, ya fashe da dariya. "Yaya, kishi kike?"

"Kishi nake. An ce in ka samu kuɗi, ka tsallake ni."

"Haba Yaya. Na gida ake yabo a waje? So kike baki ya kama teburin Mma?"

"Mma ba ta san gurup ba," na ce, na ci gaba da tankaɗe.

Na san gaskiya ya faɗa, tarbiyya ɗaya aka yi mana. Amma gaskiyar ba ta sanyaya mini rai ba. Duk da haka na jiƙa gero, na kai inji da citta da kanumfari da masoro, na tace, na shanya a rufin ɗaki ina korar kaji. Ranar da zai tafi jaka ta ƙi rufuwa. Ya ciro takalmansa sababbi ya bar su a ɗakina, ya tura garin gasarar.

Bayan ya koma, wata safiya sai ga hoto a gurup daga wurinsa. Kofi ne a kan taga, tururi na tashi, bayan gilashi gari ya yi fari fat da ƙanƙara. Bai rubuta komai ba. Ni kaɗai na gane kalar, har da ɗigon baƙin masoro a sama.

Ƙawata ce ta fara magana. "Ei, boga ɗan Turai! Shayin Turawa ne wannan?"

Aka yi ta dariya, wani ya ce maganin mura ne. Shi kuwa shiru, yana rufa wa tebur asiri kamar yadda aka koya mana. Na ji zuciyata na tafasa. Ban taɓa magana a gurup ɗin nan ba, amma na danna wurin murya.

"Koko ne," na ce. "Nawa ne. Ni na jiƙa, ni na tace, ni na shanya. Baki in zai kama, ya kama."

Na saki yatsa, saƙo ya tafi. Can sai ga muryarsa, a gaban kowa, ba dariya a cikinta.

"Na Yaya ne. Da ƙaramin cokali nake ɗiba, tsoro nake ya ƙare."

Na ajiye wayar a kan benci. Rana ba ta ma yi ba, na tashi na jiƙa geron wata gasarar.