Tutar Hankaki a Portofalda

A Montesarro kowa ya san cewa idan tayarka ta yi faci ranar Lahadi, to ka haƙura sai Litinin. Saverio mai faci ba ya gari. Ko yana gari ma, yana filin ƙwallo, kuma in ka bi shi can da maganar taya, kallon da zai yi maka sai ka gwammace ka tura motar da hannu.

Tun yana saurayi shi da abokansa suka kafa Hankaki, ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin garinmu mai sa baƙi da fari. A lokacin bas-bas suke cikawa su bi kulob duk inda za shi, da ganga da waƙa da faɗa. Tutarsu kuwa matarsa Nunzia ce ta ɗinka ta, da zannuwan gadon da uwarta ta tara mata na aure, a ɓoye, tun Saverio yana nemanta. Hankakan da ke jiki ya fi kama da kaza, amma duk wanda ya faɗi haka a gaban Saverio, sai ya nemi wani mai facin.

Sai gari ya fara zurarewa. Mimmo mai ganga ya tafi Jamus aikin gini. Donato ya sami aiki a wata masana'anta a Torino, ya ce shekara ɗaya zai yi, yanzu jikoki gare shi a can. Wasu taliyar Lahadi da surukai suka riƙe su, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Kulob ɗin kansa ya yi ta gangarowa har rukunin da 'yan wasa ke zuwa atisaye bayan sun tashi daga wurin sana'a. Ɗan Saverio ɗaya tak, Elio, yana Milano yana goyon bayan wani babban kulob ta talabijin, abin da ubansa ya ɗauka a matsayin ciwon da ya sami yaron a baƙon wuri. Aka wayi gari Hankaki sun zama mutum ɗaya mai furfura da ciwon gwiwa.

Amma ƙungiya ba ta mutu ba, domin doka ce da ba a rubuta ba, kuma kowane mai goyon baya ya san ta: muddin tuta na rataye a shingen fili, ƙungiya na nan da ranta. Ranar da abokan gaba suka ƙwace ta suka rataye ta kai ƙasa a ɓangarensu, ranar ƙungiya ta watse. Ba a ɗinka sabuwa, ba a roƙo, sunan ma ba a sake ambatonsa. Wannan ne ya sa Saverio bai taɓa barin tutar a mota ba, ko kofi zai tsaya sha a hanya. Naɗe ta yake yi a ƙirjinsa ya ɗora riga a kai, ya fito da tumbi kamar mai juna biyu.

Ranar da za a buga da Portofalda, Nunzia ta tsaya a ƙofar kicin tana kallonsa yana naɗi. Portofalda ba wurin wasa ba ne. Garin masunta ne a bakin teku, kuma gabar da ke tsakaninsu da Hankaki ta girmi yawancin masu yin ta.

"Savè, bar ta a gida yau," in ji ta.

"In na bar ta a gida me na je yi? Shan iska?"

"Kai kaɗai ne fa. Su kuwa gari guda."

"Gari guda na masu ƙarnin kifi."

"Mai ƙarnin kifin ne ya cire maka haƙori, ka manta? Ni na yi ta dama maka kunu." Ta cusa masa burodi da cuku a aljihu da ƙarfin da ya fi na ƙauna. "In sun ƙwace ta, kar ka zo min da kuka. Zanen gadona ne dai, na daɗe da yafewa."

Ƙarya take yi, ita ce ke wanke tutar da hannunta, ba ta yarda inji ya taɓa ta ba.

Hanya duk waƙa ya yi ta yi a tsohuwar motarsa ta ɗaukar taya, yana dukan sitiyari, zuciyarsa na tsalle kamar ranar farko. A bakin Portofalda ya tarar da 'yan sanda sun jeru da garkuwa da kulake, an turo su rakiyar baƙi kamar yadda aka saba. Babbansu ya leƙa motar, ya leƙa bayanta.

"Ina sauran, Baba?"

"Suna tafe, ranka ya daɗe."

Amsar da yake bayarwa ke nan shekara da shekaru. Haka aka sa shi a tsakiya, mota gaba mota baya, har ƙofar kejin baƙi, wancan lungun fili da aka kewaye da waya. Shi kaɗai a kan matakalan siminti da za su ɗauki jama'ar unguwa. Iskar teku na kaɗawa ba sassauci. Ya kwance tutar daga jikinsa, ya ɗaure gefe ɗaya da yankakkiyar robar cikin taya, kafin ya isa ɗaya gefen iska ta naɗe masa ita a fuska. Da ƙyar da gumi ya shimfiɗa ta. Ya ja da baya ya dube ta, baƙi da fari, sunan Hankaki ɓaro-ɓaro a gaban duk Portofalda, daɗi ya cika shi har wuya.

Daga can ɗaya ɓangaren ba wanda ya ko ɗaga kai. Ya hango Tano, shugabansu, masuncin da ya cire masa haƙori, ya tsufa shi ma, yana zaune a kan shinge da lasifika a hannu yana ba yaransa waƙa. Ko nuno kejin bai yi ba. Abin ya yi wa Saverio zafi, sai ya buɗe murya. Waƙoƙin Hankaki na bayarwa da amshi ne, don haka sai ya bayar a matakalar sama, ya sauko ƙasa ya amsa, gwiwa na ƙara. Wani ɗan sanda ya juya baya don kar a ga dariyarsa.

Portofalda suka fara ci, fili ya ɗauka. Saverio ya zagi mai tsaron gidan Montesarro da sunan uban yaron, wanda ya sani, sannan ya ce masa ba komai, a ci gaba. Bayan hutun rabin lokaci Montesarro suka sami bugun kwana, ƙwallo ta bugi cinyar wani, ta bugi ƙeyar wani, ta gangara raga ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ɗaya da ɗaya. Saverio ya yi gudu daga wannan bango zuwa wancan yana neman wanda zai runguma, ya ƙare da rungumar ƙarfen shinge.

Ana dab da tashi, Fulvio, wanda ke gasa wa rabin Montesarro burodi kowace safiya, ya karɓi ƙwallo a tsakiya. Ya yanke ɗaya. Ya yanke na biyu. Saverio yana ta faɗin "ba shi, ba shi, ba wancan," Fulvio bai ba kowa ba, ya ɗaga ƙafa daga nesa ya narka. Raga ta girgiza.

Saverio bai san lokacin da ya hau shinge ba. Mutumin da ke hawa matakalar gidansa yana nishi, ga shi a saman waya yana jijjiga ta da hannu biyu, yana kiran sunan uwarsa da ta rasu da na dukan waliyyan da ya tuna. A nan takalminsa ya taka robar da ta riƙe tutar, ta tsinke. Iska ta cika zanen, ta fizgi ɗaya gefen, tutar ta tashi.

Yana kallo ta haye fili tana birgima a sama. Alƙalin wasa ya sunkuya ta wuce ta kansa. Ta sauka a ciyawa, ta sake tashi, ta je ta manne a shingen 'yan Portofalda, hannuwa suka yi caa a kanta suka janye ta ciki.

Ihun da ya tashi ya fi na ƙwallonsu. Samari biyu suka haye shinge da ita, suka fara juya ta, kan hankaka na kallon ƙasa. Saverio ya sauko a hankali ya zauna a kan siminti. Ba faɗa aka yi aka fi ƙarfinsa ba, da ƙafarsa ya kashe Hankaki, ranar da suka ci wasa a Portofalda. Ya rasa me zai gaya wa Nunzia, ya rasa inda zai je Lahadi mai zuwa da duk Lahadin da suka rage masa. Aka busa tashi bai ji ba.

Ɗan sandan nan da ya yi dariya ne ya taɓa kafaɗarsa. "Baba, dubi can."

Tano ya miƙe a kan shinge ya kai wa ɗaya saurayin mari a ƙeya. Ana ta hayaniya, ana nuna keji, ana nuna sama. Daga ƙarshe tsohon masuncin ya sauko cikin fili da tutar a ninke a hammatarsa, ya ratso ciyawa yana ɗingishi, 'yan sanda suka buɗe masa hanya. Ya tsaya a gindin waya, su biyu suna kallon juna.

"Har yanzu ba ka sa haƙorin ba," in ji Tano.

"Ina ajiye gurbin ne don in riƙa tuna muninka."

"Yarana suna so su rataye ta. Na ce musu iska ce ta ƙwace, ba mu ba. Mu Portofalda ba ma karɓar sadaka daga iska, kuma ba ma ƙwatar tuta a hannun tsoho ɗaya." Ya cillo ta ta saman waya. "Ranar da ka tara maza, ka zo mu karɓe ta yadda ake karɓa."

Saverio ya cafe ta ya ƙanƙame. Ya so ya yi godiya, ya san ba a yi. "Hannunka ya sa mata ƙarni," ya ce.

"Ka kai wa matarka ta wanke. Kuma ka gaya mata har yanzu kaza ce."

Ya juya ya tafi. Robar ta riga ta tsinke, don haka Saverio ya hau matakalar sama ya ware tutar da hannuwansa iya faɗinsu, iska na neman tafiya da shi. 'Yan wasan Montesarro suka zo gaban keji suka jeru suna tafa masa, Fulvio na haki yana cewa, "Kawu Saverio, ka ga ƙwallo kuwa?"

Kafin ya amsa, Tano ya koma kan shingensa ya ɗauki lasifika. Ya ba da wata tsohuwar waƙa da samarin ba su ma iya ba, sai tsofaffi suka amsa, sannan fili gaba ɗaya ya ɗauka. Zagi ne tsantsa, na Hankaki da iyayen Hankaki da garin da ya haifi Hankaki, ana kiran sunan ana nuno kejin da yatsa. Rabon da a zagi ƙungiyar da sunanta a wani fili, tun Mimmo bai tafi Jamus ba.

Hawaye suka zubo wa Saverio, yana dariya da giɓinsa a waje. Ya cika ƙirji da iska, ya rama musu da muryar da ta rage masa.