Jinin da aka ƙara wa Husaina

'Yan uwa, ku ji abin da ya same ni!

Yau masu binciken ciwon hanta suka zo asibitinmu na Bakura. Na je ni kaɗai, maigidana yana gonar Bakolori. Wata malamar asibiti daga cikinsu ta tambaye ni, "An taɓa ƙara miki jini?"

Na ce e, ina ƙarama, a ɗakin wani mai kemis a Maradun. Har ledar jinin nake tunawa, rataye a jikin ƙusa.

Sai kawai ta ajiye biro! Ta ce irin wannan jinin ba a tace shi ba, dole a gwada ni yanzu.

Innalillahi! Ni da nake da ciki! Aka ɗebi jinina, na zauna a benci, ba kowa nawa. Na kira Inna ina kuka.

Ta ce, "Ke Hasana, wane jini? Ba ke ba ce, ɗiyata. Husaina ce."

Na ce, "Inna, na fa ji zafin allurar!"

Can ta ce, "Kwanciya kika yi gefenta, kika ƙi sakin hannunta har ta cika."

Wallahi na duba hannuna duka biyun kamar zan ga tabo.

Bayan La'asar malamar ta fito, ta ce, "Hajiya, lafiyarki ƙalau, ke da cikinki." Na faɗa mata abin da Inna ta ce, ta soke amsar da na ba ta da farko.

Ashe duk shekarun nan, ciwon 'yar biyuna nake ba da labari a matsayin nawa.