Kwanduna Shida Masu Ƙyallen Tsuntsu

Ban taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, a shekarar da iska ta kwashe rufin rumfarmu ta tashar Yendi, watan da na fara zuwa ajin karatun manya. A lokacin shekarata tara ina karɓar kaya, kuma ba a taɓa cewa wani abu ya ɓace a hannuna, ni Seidu, ba.

Ga yadda aikin yake. Motar Salaga ba ta wuce Yendi. Direba zai sauke kaya a gabana, in ƙirga, in ce, "Na karɓa." Daga nan kaya sun hau wuyana, har sai direba na gaba ya ƙirga shi ma ya ce ya karɓa. Ba ma rubuta suna. Kowace 'yar kasuwa tana da ƙyallen da take ɗaurawa a bakin kwando. In ka ga ƙyalle ka san mai kaya, in ka san mai kaya ka san garin da za su.

Ranar Larabar nan da safe Hajiya Fati, mai kifi banda a Salaga, ta kira ni. "Seidu, tsohon ƙyallena ya ƙare. Sabon ruwan ɗorawa ne mai zanen tsuntsu. Duk wanda ka gani, Bawku."

Bayan azahar motar Salaga ta sauke kwanduna goma sha biyar, duk masu tsuntsu. Na karɓa, na miƙa wa Masta Awudu direban Bawku, ya ƙirga ya tafi.

Ranar Juma'a sai ga wayar Mma Adisa, ita ma mai kifi ce a Salaga, amma Chereponi take kai nata.

"Seidu, ina kifina? Ko ka buɗe gidan abinci ne ban sani ba?"

"Mma, ai naki jan ƙyalle ne. Ban ga ja ba duk makon nan."

"Wane ja? Tsuntsu ne! Kwando shida!"

Kaina ya ɗaure. Na kira Hajiya Fati, ta ce nata tara ne. Na ce to yaya aka yi ƙyallensu ya zo ɗaya? Sai ta kwashe da dariya. "Ai ankon bikin 'yar ƙanwata ne. Rabin matan Salaga sun ɗinka shi." Ashe kowaccensu ta kwaso ragowar yanki daga wurin tela, ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta.

Ciyaman ɗin tasha bai ja magana ba. "Wa ya ce na karɓa?"

"Ni ne, Ciyaman."

"To je ka nemo. In ba a gan su ba, wani zai zauna a rumfar nan."

Masta Awudu ya ce, "Sha biyar ka ba ni, sha biyar na sauke. Kar ka sa ni a ciki." Na hau motarsa ranar Asabar, muka bi ta Garu har Bawku. Alhassan, mai irin aikina a can, ya ce mai sayen kifin Hajiya ya ɗauki tara ya bar shida.

"To ina shidan?"

"Mai su ta zo ta ɗauka."

"Wace mai su? Mai su tana Salaga!"

"Ni dai wata mata ta zo, tsuntsun da ke jikin kwando shi ne a jikin zaninta, har ɗankwali. Ta ce kayan gidansu ne. Kai da za ka hana ta?"

Gaskiya ni ma da ba zan hana ta ba.

Kwana biyu na yi ina tambaya kafin na same ta a Pusiga. 'Yar Salaga ce da ke aure a can, ita ma ta je bikin, kuma uwarta ta yi mata alkawarin saƙo. Ta raba kwando ɗaya ga dangin miji da maƙwabta kafin uwar ta ce ba ta aiko komai ba tukuna. Sauran biyar ta ajiye a wani ɗaki mai yoyo, tana jiran mai su. Da muka buɗe ƙofa, wari ne ya fara gaishe mu.

Har yau in na zauna ina lissafin mai laifi, sai in rasa. Kowa ya ƙirga daidai, kowa ya miƙa abin da aka ba shi, ba wanda ya yi ƙarya. Abin da na gane shi ne, mu masu miƙa kaya muna ƙirga kwando, ba ma tambayar na wane ne. Yanzu ko ƙyallen uwata ne, sai na rubuta suna da gari a kwali na ɗaura. Ina daɗewa a kan kowane harafi, direbobi suna yi mini tsiya, suna cewa Malam Seidu ya fara jarrabawa.

Ciyaman ya bar ni a rumfa. Kwando ɗaya an ci, uku sun ruɓe, biyu sun isa Chereponi a kwana na tara. Mma Adisa kuwa, da ta yi shekara tara tana ba ni kayanta, ba ta ƙara ba ni ko kwando ɗaya ba.