Kunnen Sadiku da biskit ɗin Dada

Likita ta leƙa kunnen Sadiku, ɗan ƙanena, sannan ta ce ya hau sikeli. Mahaifiyarmu Dada ta gyara mayafi tana jiran yabo.

Wannan ba shi ne karon farko da muka kawo shi asibiti a Jimeta kunnensa na zubar da mugunya ba. A makaranta ma sai malama ta maimaita magana kafin ya ji.

Likita ta ce, "Hajiya, ƙibar nan ta yi yawa. Kitse idan ya taru yakan dagula garkuwar jiki, kumburin cikin kunne ya ƙi sauka. Zan ba da magani, amma a rage masa kayan zaƙi, in ba haka ba jinsa na iya raguwa."

Dada ta dube ni. "Goggonsa, kin ji? Wai ƙoshi ma ya zama ciwo."

Na ce, "Dada, yaro muke reno, ba ragon layya ba."

Ta ce, "Ke kina Yola lokacin da muka gudo daga Mubi. A bayana yayansa ya rame har rai ya yi halinsa. Wannan ba zai rame a hannuna ba."

A cikin keke ta ɓare masa biskit, na karɓe. Ya sa kuka, ta kau da kai har muka isa gida a Mbamba.

Gobe ma zan karɓe. Amma ku faɗa mini, da wane baki ake ce wa wadda yunwa ta ƙwace wa jika "ya isa haka"?