Ƙugiyar Baba Arzika

Shekara ashirin da 'yan kai ina ɗaurin ƙarfe a shantiye, wato wurin gini, amma ranar da na hana a zuba beto, kankare ke nan, a wani gida a Dogon Dutsi ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna taƙamar kun iya karanta plan, ku saurara.

Bayan girbin hatsi ne, shekara huɗu da suka wuce. Wata ungozoma, Madam Rabi, ta sa a gina ɗaki guda a cikin gidanta saboda mahaifinta, Baba Arzika, wanda ta ɗauko daga Kieshe bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya yi kokowa da ƙuruciyarsa, kuma ciwon bai taɓa faɗin kafaɗarsa ba. Kullum yana kwance a rumfa yana kallonmu, magana sai da dalili.

Rufin ɗakin na kankare ne, dal na urdi, wato bulo mai rami da ake jerawa kan katako, a shimfiɗa ragar ƙarfe, a zuba beto santimita huɗu a sama. Tun farko Madam ta ce a bar mata ƙugiya a silin. Ban tambayi dalili ba, don a ganina na gama sanin komai. Na lanƙwasa siririn ƙarfe lamba shida na soka tsakiyar ɗaki, kamar yadda muke yi wa fanka.

Ranar zubi, an tada injin kwaɓa, ma'aikata sun jeru da bokitai, sai ga Madam ta biyo za ta wurin aiki. Ta leƙa ƙarƙashin katako ta ɗaga kai.

"Malam Isa, wagga ƙugiya tana ɗaukar mutum?"

"Mutum kuma, Madam? Ba ta fanka ba ce?"

Ta ja ni gefe, ta rage murya. A ƙauye, in ji ta, Baba ya ɗaura igiya a azarar ɗakinsa, da ita yake jan jikinsa ya tashi zaune, ya yi uzurinsa ba tare da kowa ba. Nan birni rufin kwano ne, babu inda za a ɗaura. Ɗansa namiji yana Kwatano, saboda haka ita ke ɗaga shi.

"Kunya yake ji. Wata biyu ke nan ba ya shan ruwa da rana sai kurɓi guda, don kada in ɗaga shi. Ni ma'aikaciyar lahiya ce, na san abin da hakan ke yi ma ƙoda. Na yi hwaɗa, na yi kuka, ya ƙiya."

Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Ƙugiyar da na sa, a fatar beton nan ta santimita huɗu take rataye. Ƙato irin Baba ya ja ta kullum, wata rana da ɓallin siminti za ta faɗo masa a fuska.

Na je na ce wa shef ɗinmu, shugaban aiki Salifu, a kashe inji. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Isa, kwaɓin farko na ciki! Mi ad damuwarka?"

Na ce a zuba shi a dakalin ƙofa, ni dai ba a rufe ƙarfena yau. Muka yi sama-sama, har na ce masa in ya matsa ya nemi wani mai ƙarfe. Daga baya ya kira teknisiyen, Malam Idi, wanda shi ke da ikon canza plan. Ya zo kan babur, ya saurara, ya auna, ya ce a sa ɓoyayyen putur.

Ga wanda bai sani ba, putur shi ne azarar beto. Wanda kuka saba gani yana leƙowa ƙasan silin. Ɓoyayyen kuwa kaurinsa daidai da na dal, sai dai a faɗaɗa shi, in an yi shafe ba mai sanin yana nan. Muka cire layin urdi guda daga bango zuwa bango, na ɗaura ƙarfe shida lamba goma sha biyu, uku sama uku ƙasa, da zobba kusa-kusa. Ƙugiyar na yi ta da lamba goma sha huɗu, na maƙala ta a ƙarafan sama.

Amma kafin duk wannan, sai da na nemi sanin inda za ta zauna. Na je rumfa na durƙusa.

"Baba, in kana kwance, ina hannunka ke kaiwa?"

Ya gyara kwanciya. Sannan ya miƙa hannun dama sama, ya ɗan karkata shi wajen ƙafafu. Na auna da mita. Ya ce, "Yaro, ka ɗaure da kyau. Ban da sauƙi." Ni da furfurata, ranar na zama yaro.

Washegari aka zuba. Beto sai ya kwana ashirin da takwas yake cika ƙarfi, kuma na hana a rataya ko tsinke kafin nan. Kwanakin sun yi mini tsawo. Duk safiya in na zo ba dal ruwa, sai in ga moɗar Baba a cike kusa da shi, leɓensa a bushe.

Ranar da kwanakin suka cika, ni da Salifu muka kama igiyar tare muka yi lilo, ko gezau. Aka shigo da Baba aka kwantar. Ya naɗe igiya a hannu yadda ɗan kokowa ke kama abokin karawa, ya fizga sau biyu don gwaji, ya ja. Sai ga shi zaune, yana haki. Madam ta juya fuska bango.

Ya ce, "Rabi, kawo mani ruwa. Ki cika moɗa."

Ya shanye tas, ya miƙa a ƙaro. Salifu, mutumin da ya so cinye ni ɗanye, ya fita waje wai ƙurar siminti ta shiga idonsa.

Yanzu in kun shiga ɗakin ba za ku ga komai ba sai farin silin da igiya. Aikinmu haka yake, mafi yawansa beto ke rufewa. Amma tun daga ranar, ko ƙusa aka ce in bari a dal, sai na tambaya wa zai riƙe ta.