Hoton Dutse a Hanyar Sabuwa

Littafin da nake koyar da labarin ƙasa da shi a wata sakandare a Faskari cike yake da hotunan tsaunuka masu ƙanƙara. Ga yaran da ko Funtuwa ba su taɓa wucewa ba! Ina bayanin zaizayar ƙasa, suna hamma. Abin ya ci mini rai, na ce wallahi sai sun ga darasin nan a ƙasarsu. Na shiga hawa babur duk Asabar, ina ɗaukar hotunan kwazazzabai da duwatsu da wayata.

Wata rana a hanyar Sabuwa na hango dutsen da saiwar gamji ta tsaga biyu. Ina cikin ɗauka sai 'yan sa-kai suka zagaye ni da bindigogi.

"Mi kake ɗauka?" in ji babbansu.

"Dutse."

"Dutse? Ji ɗan rainin hankali! Infoma ne."

A yankin nan, wanda aka ce yana kai wa ɓarayin daji rahoto ba kasafai yake komawa gida ba. Suka tasa ƙeyata zuwa gaban mai gari. Tsohon ya karɓi wayar, ya yi ta duba hotunan, ya tsaya kan wani kwazazzabo.

"Malam, ka san ta nan suke shigo mana?"

"Ranka ya daɗe, ban sani ba. Yara nake koya wa yadda ruwa ke cin ƙasa."

"Na yarda da kai. Amma in wayar ta faɗa hannunsu fa? Goge su duka."

Na goge a gabansa, aikin damina guda. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ma abin ya fi ƙona ni. Da na koma gida, uwar 'ya'yana ta ce in na sake bin hanyar nan in nemi mai dafa mini tuwo.

Asabar na zagayowa na koma. Wannan karon a zauren mai gari na fara sauka, na gaishe shi, na roƙe shi ya nuna mini inda zan ɗauka ba tare da na ja musu masifa ba. Sai ya jawo sandarsa.

"Kai dai ba ka jin bari. Tashi mu je. Ruwa ya cinye mini rabin gona, ita za ka fara ɗauka. Ka nuna wa yaran, ko a cikinsu a samu wanda zai tsayar da shi."